JAWABIN JUBILI: KADA MAJAMI'ARMU TA ZAMA GIDAN TARIHI

Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu shekara 50. A wannan rana ina so in ɗauki hankalinku zuwa wani gida mai nisa, domin akwai koyarwa a cikinsa.

A ƙasar Birazil akwai birni a bakin teku mai suna Salvador, cikin jihar Bahia. Shi ne babban birnin ƙasar daga 1549 zuwa 1763, zamanin mulkin Turawan Fotugal. A can ne wasu 'yan zuhudu na ɗarikar Katolika, masu kiran kansu da sunan Dutsen Karmel inda annabi Iliya ya yi addu'a, suka gina gidansu a ƙarni na 17. Sunan gidan Santa Teresa. Da 'yan zuhudun suka ƙare, aka mai da shi makarantar horar da limaman ikilisiya. A 1959 kuma aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi, yana hannun jami'ar tarayya ta Bahia.

Wanda ya shiga zai ga abin mamaki. Ga ƙoƙunan jibin Ubangiji da fitilu na azurfa. Ga gicciye da aka sassaƙa da hauren giwa. Ga siffofi na yumɓu da wani ɗan zuhudu, Agostinho da Piedade, ya ƙera a ƙarni na 17. Ko da yake al'adar sujadarmu dabam ce, dole mu yaba wa hannuwan da suka yi wannan aiki da ƙwazo.

Amma, 'yan'uwa, daga ina arzikin ya fito? Dukiyar Bahia a wancan zamani daga gonakin rake da taba take, kuma bayi ne suka nome su. Daga Afirka aka kwaso su cikin jiragen ruwa, har da Yarbawa da Hausawa masu yawa. Tarihi ya nuna Hausawa sun shirya tawaye a Bahia a 1807, wani babban tawaye kuma ya tashi a 1835. Ba a hana bauta a Birazil ba sai 1888. Ana sanin sunan mai kuɗin da ya ba da kyautar azurfa, amma wanda ya yi gumi a gona, Allah kaɗai ya san sunansa.

Abu na fari da za mu koya ke nan. Kyautar da aka kawo gidan Allah ba ta wanke zaluncin da aka yi wajen samunta. Annabi Amos ya yi wannan gargaɗi a sura 5. Yayin da muke tara kuɗin sabon gini, bari kowa ya tambayi kansa ko ya biya ɗan ƙodagonsa hakkinsa.

Abu na biyu, kada mu manta da ƙanana. Iyayenmu mata sun ɗebo ruwa daga rafi, maza sun kwaɓa ƙasa, yara sun ɗauko ciyawar jinka, kafin a sami kwanon rufi. Ina roƙon dattawa su zauna da tsofaffin da suka rage, a rubuta sunayen waɗannan mutane kafin shekara ta ƙare.

Abu na uku shi ne mafi nauyi. Ƙoƙon da aka yi domin teburin Ubangiji, yau yana bayan gilashi, baƙi suna kallo su wuce. Gini yakan daɗe fiye da masu sujada a cikinsa. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 2, ya koya mana cewa masu bi su ne duwatsun ginin. In ba mu koya wa 'ya'yanmu Maganar Allah a gida ba, in muka bar makarantar Lahadi ta mutu, wa zai zauna a kan waɗannan bencina bayan shekara 50?

Saboda haka mu gyara gini, amma mu fi kula da mutane. Ubangiji ya ba mu alherin yin haka. Amin.