Abin da Na Koya a Filin Arfa Game da Fargaba da Tunani

 

An ce in yi magana kan karatu, amma zan fara da ranar da karatuna bai tsinana mini komai ba. Ranar Asabar ce, 15 ga Yuni, 2024, wato 9 ga Zulhijja, a filin Arfa, kimanin kilomita 20 daga Makka. Kun san zafin hajjin shekarar: ya haura digiri 51 a Makka, kuma alhazai sama da 1,300 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Bayan azahar na taso daga wajen Masallacin Namira, sai na nemi tantinmu na rasa. Na ciro waya in duba taswira, zafi ya kashe ta. To, daga nan hankalina ya tashi. Wallahi kusan awa guda ina zagaye wuri ɗaya, ina danna wayar da ta mutu. Ni da nake da digirin injiniya, dabara ɗaya tak ta rage a kaina: wayar nan ta kunnu.

Wani dattijo Bazazzage ya lura da ni, ya miƙo mini ruwa, ya ce, "Zauna, ɗana. Daga ina?" Na ce Kano. Ya ce, "Ai dole ka ɓata, Bakano in ba kasuwa ba ce ba ya gane hanya." Na yi dariya ban shirya ba. Kafin in gama shan ruwan, sai idona ya faɗa kan katin Nusuk da ke rataye a wuyana tun safe. Na nuna wa wani jami'i, ya duba, ya nuna mini hanya.

Da na dawo sai na tarar masana sun daɗe da nazarin wannan. A 1987, Alice Isen da abokan aikinta a Amurka sun ba ɗalibai kyandir da ashana da kwalin ƙananan ƙusoshi, aka ce su kafa kyandirin a bango ba tare da ya ɗiga ƙasa ba. Amsar ita ce a zazzage kwalin, a kafe shi a bango, a ɗora kyandirin a kai. Cikin waɗanda aka fara nuna wa fim ɗin barkwanci na 'yan mintoci, uku cikin huɗu sun gano. Cikin waɗanda suka kalli fim ɗin da ba raha, ɗaya cikin biyar ne kawai. Ka ga, mai sakakken rai yana iya ganin kwali a matsayin kanta. Wanda ransa ke ƙunci kwali kawai yake gani. Haka ni ma na ɗauki katin nan a matsayin takardar shiga kawai.

Fargaba tana da ranarta: tana tattara hankali wuri guda don mutum ya tsere wa haɗari. Illarta ita ce tana toshe sauran ƙofofi. Addininmu ma ya hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi.

'Yan'uwa, da yawanmu muna cikin irin wannan ruɗanin a ɗakunanmu. Kuɗin tallafi ya makara, darajar naira ta faɗi, ga kewar gida, ga gwajin da ya ƙi fitowa. Sai mutum ya kwana yana maimaita hanyar da ta riga ta gaza, daga baya ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta toshe. Wani har ya fara tunanin ajiye karatun.

Shawarata uku ce. In aiki ya cije, tashi ka yi alwala, ka taka, ka ci abinci, sannan ka dawo. Kada ka amsa saƙon malaminka ko ka yanke babbar shawara a daren da ranka ya ɓaci. In kuma ƙuncin ya wuce mako biyu yana hana ka barci da aiki, je ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Sannan in kun ga ɗayanmu ya yi shiru kwana biyu, ku kira shi, ku zolaye shi, ku gayyace shi cin tuwo. Ban san sunan dattijon nan ba, amma har yau ina sa shi a addu'a.