Daga Leda Zuwa Ƙashin Ƙugu: Daraja Tana Hannun Mai Tufka



Ledar da mai tumatir ke ƙulla kaya a cikinta, da jarkar ɗan garuwa, da ƙoƙon robar da likita ke dasa wa wanda ƙashin ƙugunsa ya lalace, duk uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sunansu foli'etilin, tushensu kuwa iskar etilin da ake cirowa daga gas da man fetur. Amma leda kyauta ake bayar da ita, shi kuwa wancan ƙoƙo sai mutum ya sayar da gona kafin ya kai gare shi. Abin da nake so in tabbatar yau shi ne, wannan rata ilimi ne ya haifar da ita, kuma al'ummar da ta tsaya kan sayar da ɗanyen kaya za ta dawwama tana sayen nata da tsada.

Duk mai tufka igiya ya san gajeren zare ba ya jure ja. Haka robar take. Ƙwayoyin etilin ne ke kama hannun juna su zama sarƙa. A jikin jarka, sarƙa ɗaya ba ta wuce ƙwayoyi 'yan dubbai. A robar ƙoƙon ƙugu kuwa takan haura 100,000, sarƙoƙin su sarƙe da juna har gogayya ta kasa cinye su. Mai wannan tufka shi ne katalis, wato ɗan sinadarin da ke haɗa ƙwayoyin shi bai ƙare ba, tamkar dillalin da ke ƙulla ciniki ba a sayar da shi. Zuciyarsa ƙwayar ƙarfe ce daga tsakiyar jadawalin sinadarai, irin su titaniyom da zakoniyom. Ƙarfen yakan riƙe bakin sarƙar, ya jawo etilin ya cusa, ya sake jawo wani. Babbar matsala ita ce sarƙar ta suɓuce tun tana gajera. Don haka masana ke kewaye ƙarfen da manyan ƙwayoyi kamar shinge, su rage zafi, su hana iskar haidirojin shiga domin ita ce almakashin da ke yanke sarƙar.

Tarihi ya goyi bayan wannan hujja. A 1933 aka ci karo da foli'etilin a kamfanin ICI na Ingila, amma sai da matsin iska mai tsanani ake samun ta. A 1953 Karl Ziegler, a garin Mulhaim na Jamus, ya haɗa sinadarin titaniyom da na alminiyom, sai ga roba ba tare da wannan matsi ba. Shi da Giulio Natta na Italiya suka karɓi kyautar Nobel a 1963. A 1962 likita John Charnley ya fara sa roba mai doguwar sarƙa a dashen ƙugu. Daga baya kamfanin DSM na Holan ya ja ta ta zama zaren Dyneema, wanda ake saƙa igiyar jirgin ruwa da rigar sulke da shi. Iskar etilin ba ta canza ba a duk tsawon wannan tafiya, dabarar sarrafa ta ce ta ƙaru.

Wani zai ce, mu manoma ne, ruwa da taki da tsaro muke nema, ina ruwanmu da titaniyom? Tambaya ce mai nauyi, amma amsarta tana gabanmu. Bututun roba da mai noman rani ke jan ruwa da shi a bakin madatsar Zoɓe daga irin wannan dangi yake. Matashi mai amosanin jini da kan ƙashin cinyarsa ya mutu, aka garzaya da shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wannan ƙoƙo yake jira, kuma da dala ake sayo shi. Wani kuma zai ce leda annoba ce, ta toshe magudanai, ta cika tumbin awaki. Gaskiya ne, kuma wajibi ne a yaƙi ledar da ake jefarwa bayan amfani ɗaya. Sai dai robar da za ta shekara ashirin a jikin mutum ba shara ba ce, kuma masanin da ya iya ƙulla sarƙa shi ake nema ranar da za a warware ta.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na kuɗi. Sinadaran katalis ba sa shiri da iska ko danshi, wasunsu ma wuta suke kamawa da zarar iska ta taɓa su, saboda haka suna buƙatar ɗakin gwaji na musamman da lantarkin da ba ya yankewa. Duk da haka ba daga kan masana'anta ake farawa ba. Tun 1995 Maurice Brookhart a Amurka ya nuna cewa nikel ma yana wannan aiki, a 1998 aka tabbatar da haka ga baƙin ƙarfe, kuma ana iya nazarin fasalin katalis a kwamfuta kafin a taɓa kwalba. Ga masana'antar Indorama a Eleme tana yin foli'etilin, ga cibiyar NARICT a Zariya, ga ma'adinan titaniyom da zakoniyom a yashin kuzar Jos. Da sannu ƙwai kan yi ƙafa.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, su ne ƙofarmu. Jiharmu da ta haifi marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, wanda ya koyar da ilimin sinadarai kafin ya shugabanci ƙasa, bai dace ta ɗauki wannan fanni baƙo ba. Ina kira ga hukumomi da attajiranmu su gina ɗakin gwaji ko da ɗaya ne mai inganci, su ɗauki nauyin ɗaliban da za su zauna a cikinsa. Iyaye kuma, idan yaro ko yarinya ta ce kemistiri za ta karanta, ku sa mata albarka.