Darasi a Waya, Darasi a Aji



Koyarwa daga nesa ba baƙuwarmu ba ce. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta daɗe tana horar da malamai da littattafan karatu a gida, sannan a haɗu da masu koyarwa a ƙarshen mako. Waya da intanet ne sabon abu. Da annobar korona ta rufe makarantu a watan Maris na 2020, wasunmu sun koma tura darasi ta WhatsApp, ba don sun shirya ba.

Daga nan muka gane cewa bayanin da muke yi a zaure mai cunkoso, wanda na baya ba ya ji sai amon lasifika, gara a naɗe shi ɗalibi ya saurara har ya fahimta. Lokacin aji sai ya zama na tambaya da muhawara da aikin hannu, domin ba a koyon auna sinadari ta fuskar waya.

Sai dai naɗar darasin minti ashirin kan cinye mana yini, kuma ba a lissafa shi cikin sa’o’in aiki. Kuɗin data daga albashinmu yake fita, na ɗalibi kuwa daga guminku, iyaye. Sannan darasin da muka naɗa, mallakar wa zai zama ranar da muka yi ritaya? Muna buƙatar amsa a rubuce daga hukumar makaranta kafin zango mai zuwa.