Yunwar da Aka Gamu da Ita a Cikin Uwa, da Haƙƙinmu na Ganin Rahoton Bincike

Ni ɗan Abala ne, can arewacin Filinge, ƙasar Kurfai, kuma da shekarar 2005 zan fara magana. Fari da fara sun cinye damanar 2004, shekarar da ta biyo baya rumbuna suka wayi gari babu komai, kuma arewacin jihar Tillaberi na cikin inda abin ya fi tsanani. A cikinku akwai waɗanda a lokacin suna cikin uwayensu. Yau kun kai shekara 20. Tambayata ita ce: shin waccan yunwa ta wuce da zuwan kaka, ko ta bar wani abu a jikin waɗanda aka haifa?

Akwai fannin ilimin da ke bin wannan tambaya, sunansa epijenetik. Bari in sauƙaƙa shi. Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da DNA iri ɗaya, mai ƙwayoyin gado kusan 20,000. To me ya sa ƙwayar hanta ta bambanta da ta ido? Ku ɗauki misalin kasuwa: rumfuna duka suna nan, amma wasu a buɗe, wasu a kulle. Jiki yana manna wasu ƙananan alamomi, kamar wanda ake kira metil, a kan DNA, su ne kwado da makulli. Rubutun gado bai canza ba, abin da ake karantawa daga cikinsa ne ke canzawa.

Masu kai saƙon buɗewa da kullewa kuwa, da yawansu homon ne. Misali kotizol, wanda jiki ke saki lokacin tsoro ko wahala. Yakan shiga cikin ƙwayar halitta, ya haɗu da makarɓinsa, su wuce har wurin DNA, su kunna wasu ƙwayoyin gado su kashe wasu. A 2004 Michael Meaney da abokan aikinsa a Kanada sun nuna cewa 'ya'yan ɓeraye da uwa ta yawaita lasarsu suna tashi da alamomi daban a kan ƙwayar gadon wannan makarɓi, kuma sun fi jure firgici bayan sun girma.

A kan mutane fa? A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, yunwa ta kashe mutum kusan 20,000 a yammacin Holan. Asibitoci sun ci gaba da rubuta haihuwa, shi ya sa daga baya aka iya bin sawun yaran. A 2008 aka gano cewa waɗanda aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar, bayan shekara kusan 60, suna da ƙarancin alamar metil a kan IGF2, ƙwayar gado mai kula da girma, idan aka gwada su da 'yan uwansu uwa ɗaya uba ɗaya. Wasu binciken a kan mutanen nan sun nuna ƙiba da ciwon sukari sun fi kama su.

Kusa da mu ma akwai. A ƙauyen Keneba na Gambiya, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Birtaniya, MRC, ta shafe shekaru fiye da 60 tana aiki. A 2010 da 2014 an wallafa cewa alamomin DNA na yaro suna bambanta gwargwadon lokacin da aka ɗauki cikinsa, damana ce ko rani. Damana a can ita ce lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, mata kuma suna duƙe a gona. Ai wannan mun san shi a Kurfai.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa wanda aka haifa a 2005 ya lalace. A'a. Bambancin da aka auna kaɗan ne, kuma a kan jama'a da yawa ake ganin sa, ba hukunci ba ne a kan mutum ɗaya. Darasin dai shi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: abincin yarinya kafin aure da na mai ciki a watannin farko, maganar lafiyar shekara 50 masu zuwa ce.

To, ya aka yi na san duk wannan? Saboda an rubuta, an ajiye, an buɗe wa kowa. A nan maganar rahoto ta shigo. A Amurka, hukumar NIH ta ƙaddamar da babban shirin epijenetik a 2008, na dala miliyan 190 cikin shekara 5, kuma a 2015 aka fitar da taswirar nau'in ƙwayoyi da sassan jiki 111. Duk wanda ya karɓi kuɗin hukumar sai ya miƙa rahoton ci gaba kowace shekara. Akwai rumbun bayanai mai suna RePORTER inda kowa zai ga sunan mai binciken, jami'arsa, kuɗin da aka ba shi da abin da ya wallafa. Tun 2008 kuma aka wajabta sanya sakamakon inda jama'a za su karanta kyauta. Dalili? Kuɗin haraji ne. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Mu kuwa, ina yaro na ga an zo garinmu da mota, an auna damtsen ƙannena, an tambayi innata abin da muka ci jiya, an cika takardu, an tafi. Har yau ba wanda ya dawo ya ce mana ga abin da aka gano. Ƙasarmu ta ga yunwa a 1931, 1973, 1984, 2005, 2010, ga 'yan gudun hijirar Mali da suka sauka Abala tun 2012, ga rashin tsaro da ke hana noma. Idan akwai inda ya kamata a bi sawun uwa da ɗa shekara da shekaru, to nan ne. Muna da masana a jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar CERMES a Yamai. Tun 2011 kuma muna da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma.

Don haka ga abin da nake roƙon mu nema, cikin ladabi amma a rubuce. Na ɗaya, duk binciken da aka yi da kuɗin gwamnati, namu ko na wata ƙasa, a bayyana wa ya ba da kuɗin, nawa ne, kuma me ake nema. Na biyu, a fitar da rahoton ƙarshe ko da binciken bai gano abin da ake fata ba, don kada wani ya sake kashe kuɗi a kan hanyar da ta toshe. Na uku, idan an ɗebi jini, a faɗa wa mai jinin inda za a ajiye shi da wanda zai taɓa shi. Na huɗu, a koma garin da aka yi aikin a faɗi sakamako da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, a gidan rediyo ko a ƙofar mai gari.

Ku da kuke birni, kuna da waya, kun iya Faransanci. Innata ba ta iya ba. Idan masu bincike suka je garinku, ku nemi sunan aikin da na mai ba da kuɗin, ku rubuta, bayan shekara ɗaya ku aika wasiƙa ku tambayi rahoto. Allah ya ba mu damana mai albarka.