Jawabin Shugabar Mata: Mu Daina Raba Lambobinmu Kamar Goron Biki

Wannan shi ne bayanin da na yi a zaman shugabannin mata na mazaɓu, na sa aka rubuta shi saboda waɗanda ba su samu halarta ba. Don Allah wadda ta iya karatu ta karanta wa ta kusa da ita, sannan a tura wa sauran zaurukanmu.

Yau na ajiye maganar gangami da anko, maganar wayar da ke hannunki na kawo, da lambobin da ke liƙe da ita. Kuma zan fara da laifinmu kafin in taɓo na kowa.

Kwanakin baya wata 'yar'uwarmu mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda ita ce uwar adashin unguwarsu, ta yi mini sallama da yamma idonta jawur. An kira ta a waya aka ce daga ofishin tallafin mata ne, sunanta ya fito. Mai kiran ya faɗi cikakken sunanta, ya faɗi mazaɓarta, ya faɗi bankin da take ajiya. To wa zai yi musu? Ya ce ta karanto masa lambobin da ke jikin katin ATM ɗinta domin a tantance, ta karanto. Ya ce wata lamba za ta shigo wayarta, ita ma ta karanto. Ta karanto. Kafin ta sauke tukunya alat ya fara shigowa, kuɗin adashin mutane yana fita.

Da ta tafi na zauna ina tunanin inda mutumin nan ya samu bayananta. Sai na buɗe zaurenmu na WhatsApp na yi baya. Ga hoton takarda nan ɓaro-ɓaro: suna, mazaɓa, lambar waya, banki, lambar asusu, wasu har da NIN. Ni na ce a tattaro jerin, wata ta ɗauki hotonsa ta jefa a zaure don ta huta da zuwa gidana. Ba zan rantse cewa daga nan ɓarawon ya ɗauka ba, amma wallahi duk abin da ya faɗa mata yana cikin takardar nan. Zaure mai mutum ɗaruruwa, wayar wata a hannun yara take kwana, ta wata tana wurin mai caji. Na ɗauki kasona na laifin, shi ya sa nake wannan magana.

Bari mu bambance lambobin nan, don yawancinmu kallon abu ɗaya muke musu.

Lambar asusu guda goma ce. Ita ake ba wanda zai turo miki kuɗi, kuma ita kaɗai ta ishe shi. BVN lamba goma sha ɗaya ce, Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da ita a 2014, ita ke ɗaure duk asusunki na banki da yatsunki da fuskarki. NIN ita ma goma sha ɗaya ce, hukumar NIMC ke bayar da ita, ita ce shaidar cewa ke ce ke. Sai lambar sirri ta ATM ko ta tiransifa, da kuma lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, wadda ake ce wa OTP. Waɗannan biyun na ƙarshe mabuɗin ɗaki ne. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayarsu a waya. Ni ma ba zan tambaye ki ba. Duk wanda ya ce ki karanto masa su, ko da sunan gwamna ya zo, ki kashe wayarki.

Haka nan lamba shida da WhatsApp ke turowa. In wata ta rubuto miki, ko da da lambar aminiyarki ce, ta ce "na yi kuskure lamba ta shigo wayarki, turo mini", to an riga an ƙwace nata ne, naki ake nema. Daga nan sai a fara bin 'yan'uwanki ana roƙon kuɗi da sunanki da hotonki. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin da ake saka lambar sirri ta biyu. Ki sa 'yarki ta nuna miki wurin, amma ke za ki zaɓi lambar, ke za ki riƙe ta.

Na san abin da wasunku za su ce: "Hajiya, in na hana lambata ai cire sunana za a yi daga tallafi." Maganarku tana kan hanya. Akwai shirye-shirye na gaskiya da ake neman NIN domin a tabbatar mutum ɗaya bai karɓa sau biyu ba, kuma banki ma ba ya buɗe asusu yanzu sai da BVN ko NIN. Ban ce ki ɓoye ta a ƙarƙashin katifa ba. Cewa na yi ki san wanda kike ba wa. Ki je ofishin da ƙafarki, ki ga fom ɗin da idonki, ki tambaya wace hukuma ce, me za a yi da lambar, wa zai ajiye ta. Amma shuɗin rubutun nan da ake turowa zaure ana cewa "latsa nan ka cike, ka tura wa mutum goma", don Allah ku bar shi ya wuce. Tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma ba ta kore rabo.

Abu na biyu shi ne layin kansa. Ku tambayi kanku yau: layin da ke cikin wayata, da sunan wa aka yi masa rajista? Da yawa daga cikinmu maigida ne ya sayo, ko ɗa, ko ƙane, ko kuma an saya a kasuwa da rajistar wani wanda ba mu taɓa gani ba. Tun watan Disambar 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da NIN. A watan Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira, aka yi ta ƙarin wa'adi har zuwa Satumbar 2024. Kowa a nan ta tuna cincirindon da aka yi a ofisoshin kamfanonin waya. Mata da yawa sun gaji da tsayuwa, aka haɗa musu da NIN ɗin wani a gida, aka wuce wurin.

Ga inda matsalar take. Ranar da wayarki ta faɗi a kasuwa, kamfani ba zai dawo da layin ba, abin nan da muke cewa welkam-bak, sai ga wanda sunansa ke kan rajista. In yana Legas sai ki jira shi. In ya rasu, ko aure ya mutu, sai ki ga layin da kwastomominki suka sani shekara da shekaru ya fi ƙarfinki. Kuma ta wannan layin alat ɗin bankinki da OTP ke shigowa. Wanda ya riƙe layin ya riƙe ƙofar asusunki. Sannan in layi ya daɗe a ajiye ba a amfani da shi, kamfani na iya sake sayar da lambar ga wani, alhali bankinki bai san kin rabu da ita ba. Don haka in kin sauya layi, ki je banki ki sauya lambar da ke kan asusunki.

Kada wata ta je gida ta ce Hajiya ta ce a yi rigima da maigida. Ko kusa. Ki zauna da shi cikin ladabi ki yi masa bayani, ai shi ma sauƙi ne a wurinsa. Duk abin da aka aikata da layin da ke kan sunansa, shi za a fara nema. Ke ma haka: kada ki ara wa kowa NIN ɗinki ya yi rajistar layi don ya ba ki 'yan canji. Ranar da aka yi ɓarna da layin, ƙofarki za a ƙwanƙwasa.

Abu na uku, manhajojin bashi. Sai ki ga an ce bashi cikin minti biyar, ba jingina ba shaida. Jinginar tana nan, sunayen da ke cikin wayarki ne. Lokacin da kike latsa "na yarda, na yarda", kin ba su izinin kwashe lambobin surukarki da malamin Islamiyyar yaranki. Kwana biyu da saɓa biya sai saƙon cin mutunci ya isa wurinsu. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, ta kuma ce sai sun yi rajista da ita. A 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke rumbunsa shiga jerin lambobi da hotunan mutane. Duk da haka wasu suna zagayowa ta bayan gida, su turo miki manhajar kai tsaye ta saƙo. Bashin da kika ci ki biya, wannan haƙƙi ne. Amma bashi bai ba kowa lasisin tozarta ki a wurin dangi ba, kuma kina da inda za ki kai ƙara.

Don doka tana bayanmu, sani ne ba mu yi ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, da gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce wanda zai karɓi bayananki ya faɗa miki dalilin karɓa. Kina da damar tambayar abin da yake riƙe da shi a kanki, ki ce a gyara kuskure, ki janye amincewar da kika bayar, ki kai ƙorafi hukumar. Ku saurari wannan da kyau: dokar ta lissafa ra'ayin siyasar mutum da jam'iyyar da yake ciki cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, a sahu ɗaya da bayanin lafiyarsa da addininsa. Ke nan rajistar mambobin da ke cikin jakata da jakar kowace shugabar mazaɓa amana ce da doka ta san da ita. Katin zaɓe kuwa, Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta saye da sayar da shi, da riƙe na wani ba bisa ƙa'ida ba. Duk wanda ya zo tattara katunanku, ko da hular jam'iyyarmu a kansa, ku ce ni na hana.

In kamfanin waya yana cinye miki kati a kan abin da ba ki nema ba, ki fara kai musu kuka. In ba su share miki hawaye ba, hukumar sadarwa ta NCC tana da lambar ƙorafi kyauta, 622. Saƙonnin talla da ke damunki kuma, ki rubuta STOP ki tura wa 2442.

To daga yau ga tsarinmu a wannan reshe. Ba a sake jefa jerin sunaye mai ɗauke da lambar asusu, NIN ko BVN a zaure. Wanda aka riga aka jefa, masu kula da zaure su goge abin da zai gogu, kowa kuma ta share hoton daga wayarta. In ana buƙatar jeri, shugabar mazaɓa ta karɓa hannu da hannu, ta faɗi inda za a kai shi, kuma kada ta karɓi abin da ba a nema ba. Duk sanarwar tallafi da ba ta fito daga bakina ko bakin sakatariya ba, a kira mu a ji muryarmu kafin a yaɗa.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin zaure, sai masu riƙe da muƙami. Ni a ra'ayina haɗa layi da NIN ba laifi ba ne, amma nauyinsa a kan matan karkara ya fi sauka, waɗanda sai sun biya kuɗin mota sun bar sana'a da yara kafin su isa wurin rajista. Rajistar NIN ta farko kyauta ce a hukumance, amma ku kun san abin da ake karɓa a wasu wurare. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari, alhali akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis. 'Yan'uwanmu na Zamfara sun ɗanɗana katse layuka a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, sun san yadda ciniki da zumunci ke tsayawa in waya ta mutu.

Saboda haka in kansila ko ɗan majalisa ya zo neman goyon bayanmu, bayan atamfa da shinkafa mu ajiye masa tambaya. Yaushe za a kawo masu rajistar NIN mazaɓarmu, da mata a cikin ma'aikatan? Wa zai tsawata wa masu karɓar kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne? Ina matar da aka damfara za ta kai kuka cikin harshen Hausa ba tare da ta je Abuja ba? Mu ne muka fi kowa tsayuwa a rana ranar zaɓe, muna da bakin yin wannan tambaya.

Ita 'yar'uwar tamu mun raka ta banki an toshe katin, mun kai rahoto, kuma muna haɗa mata abin da ya sawwaƙa domin ta sallami masu adashi. Wadda ke da niyyar taimakawa ta ga ma'aji hannu da hannu. Kowace shugabar mazaɓa kuma ta zo zama na gaba da adadin matan da layinsu ba ya kan sunansu, adadi kawai ban da lambobi, domin mu san yadda za mu tsara raka su.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu da ɗan abin da muke tarawa.