Janareto a Kasuwannin Fagge

Wanda duk ya ratsa Kantin Kwari da tsakar rana ya sha ƙugin janareto da hayaƙinsa. Hukumar kare muhalli ta NESREA na da dokar taƙaita ƙara tun 2009, amma wa zai ce ɗan kasuwa ya kashe injinsa? A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, ga fetur ya yi tashin gwauron zabo.

Sai dai akwai mafita: Kasuwar Sabon Gari, bayan gobarar da ta tashi a cikinta a 2016, ta samu sola ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara ta REA. Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. To gwamnatin Kano, a faɗaɗa solar nan kafin a fara cin tarar masu janareto.