Daga Masaƙar Minjibir Zuwa Kwamfuta: Jawabi Kan Ƙin Yarda



An nemi in yi magana a kan masu fasahar da ke rubuta umarnin kwamfuta don nuna ƙin yarda. Amma bari mu fara daga gida.

A shekarar 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Ingila a Mancesta. Daga baya, ɗaya daga cikin burinta shi ne ƙasar Kano ta ciyar da masaƙun Turawa. Aka raba iri kyauta, hanyar jirgin ƙasa kuma ta iso Kano a 1911. Sai manoman karkara, daga Bichi zuwa Ɗanbatta, suka duba farashi, suka juya ga gyaɗa. Audugar da suka noma kuwa, masaƙan gida irin na Minjibir suka fi Bature tayi, suka saye. Ba a ɗaga tuta ba, amma shirin ya ci tura.

Saƙa kanta lissafi ce: wannan zare ya hau, wancan ya sauka. A 1804 Jacquard na Faransa ya mai da wannan lissafi huji a kan kati, daga baya masu ƙera kwamfuta suka ari dabarar.

Yau audugar da ake nema ita ce bayananmu: abin da muka duba, da abin da muka saya. A 2014 Daniel Howe da Helen Nissenbaum da Mushon Zer-Aviv suka fitar da AdNauseam, manhajar da ke latsa duk tallan da aka turo wa mutum, har mai leƙen ya rasa gane abin da yake so. A 2017 Google ya kore ta daga kasuwar Chrome. Da ba ta taɓa aljihu ba, da ba a kula ta ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Gyaɗar nan ma kamfanonin Turawa ne suka kwashe ta. Abin da ya ba manomi ƙarfin cewa a'a shi ne yana da hatsi a rumbu, yana kuma da masaƙi a maƙwabta. Wanda ba shi da wata kasuwa, ƙinsa ba ya kwana biyu.

Saboda haka, ku da za ku riƙe ofisoshi gobe, ranar da aka kawo muku takardar miƙa bayanan talakawa ga wani kamfani, ku tambaya wa zai mallake su, kuma ina tamu masaƙar. Masu iya rubuta umarnin kwamfuta a cikinku, ku fara kafa ta.